Zaman shawarar iyaye kafin yaro ya shiga SS1: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Duk shekara idan an gama jarrabawar BECE, 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sun dawo gida dogon hutu, makaranta kan aiko wa iyaye wata 'yar takarda mai gida uku: kimiyya, At, kasuwanci. A zaɓi ɗaya, a sa hannu, a mayar. Yawancinmu a tsaye muke cike ta, wani ma yana bakin ƙofa yana laluben makullin babur. To, akwai wata cibiya a wajen titin Gidan Zoo a nan Kano da ta mayar da wannan 'yar takarda sana'a. Suna tara iyaye su yi musu bayanin darussan babbar sakandare da inda kowanne ke kai yaro, daga baya kuma su zauna da kowane gida shi kaɗai, uba da uwa da yaron. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kwari, kuma 'yata ta biyu ce za ta shiga SS1, wato ajin farko na babbar sakandare, bana. Mun je ni da mai ɗakina, mun biya, mun zauna. Ga yadda na ga abin.

Kuɗin zaman duka biyun bai kai na turmin atamfa matsakaiciya ba, don haka ba zan yi kuka da farashi ba. Wurin kuwa hawa na biyu ne a wani bene, kujerun roba, farin allo, fanka biyu da ba sa kai iska baya. An ce ƙarfe goma na safiyar Asabar, ba a fara ba sai da aka doshi sha ɗaya, wai ana jiran iyaye su taru. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, kuma matan sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, wanda shi ma abin dubawa ne.

Wadda ta ja zaman wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makarantar gwamnati, ta ce ta daɗe tana aikin ba ɗalibai shawara kafin ta yi ritaya. Ita ce dukkan darajar wurin. Ba ta fara da tambayar wane aji muke so ba. Ta raba allo gida huɗu, ta fara rubutu daga ƙarshe: aikin da ake fata, sai kwas ɗin da ke kaiwa gare shi a jami'a ko kwaleji, sai darussa huɗun da JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ke nema a kwas ɗin, sai kiredit biyar ɗin da ake buƙata a jarrabawar gama sakandare ta WAEC ko NECO. Ta ce idan an cike waɗannan gidaje, aji zai zaɓi kansa. Maganarta ita ce jami'a ba ta tambayar sunan ajin da yaro ya zauna, takardar sakamako take dubawa ta ga waɗanne darussa ne a kai.

Daga nan ta bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne na ga iyaye sun fito da biro. Likitanci, haɗa magunguna da aikin jinya duk ƙofa ɗaya suke bi: a JAMB Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a takardar sakandare kuwa waɗannan huɗun da Lissafi, kowanne da kiredit. Ta ja kunnenmu cewa ƙa'idar da aka saba ita ce a haɗa kiredit biyar a zaman jarrabawa bai wuce biyu ba, amma jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a likitanci, sai wanda ya kwashe su a zama ɗaya. Injiniya kuma Lissafi ne ke maye gurbin Bayoloji a JAMB. Mai son kimiyyar kwamfuta ba zai tsere wa Lissafi da Fiziks ba, komai iya danna wayarsa. Wannan ta faɗa tana kallon ɓangaren mata, aka yi dariya, don kowace uwa a wurin tana da ɗan da take ganin gwanin waya ne.

Inda ta fi daɗewa shi ne aikin lauya. Ta ce babu shekarar da ba ta ganin yaro ya gama sakandare da kiredit takwas ko tara, yana son karanta shari'a, sai a duba a ga babu adabin Turanci a ciki, alhali mafi yawan jami'o'i ba sa ba da gurbin lauya sai da shi. Dalili kuwa ba wani babba ba ne: makarantar ba ta da malamin adabi, ko kuma yaran sun guje shi saboda littattafan da ake karantawa, aka bar su suka ɗauki wani abu mai sauƙi. Haka mai son akanta ko tattalin arziki, idan ya bar Ikonomiks ko ya yi sakaci da Lissafi don yana ganin ya bar ajin kimiyya ya huta. Shekara uku ana biyan kuɗin makaranta, sai a gaban mai shagon intanet ranar cike fom ɗin JAMB ido ya raina fata.

Wani Alhaji da ke zaune gabana, da ganin hularsa ka san ba a cika yi masa musu a gida ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ni fa duk wannan lissafin bai shafe ni ba. Yarona likita zai zama, tun yana goye muka yanke."

Ta ce, "Allah ya cika buri, Alhaji. Ka zo da takardun sakamakonsa?"

Ya miƙa. Ta sa tabarau ta duba, ba ta karanta makin a fili ba, ta ce, "Alhaji, a zango tara na ƙaramar sakandare, sau nawa ka zauna ka duba layin Lissafi da na kimiyya shi kaɗai, ban da matsayin da ya zo a aji?"

Ya yi shiru. Ta ce su haɗu a zaman keɓe. Wannan ya burge ni. Ba ta kunyata shi a gaban mutane ba, ba ta kuma yi masa daɗin baki don ya biya kuɗi ba. Kuma tambayar ba shi kaɗai ta kama ba, mu iyaye mun saba da "na nawa ka zo?", idan an ce na uku sai a sayi kaza, ba a duba cewa na ukun Hausa da Addini da zane ne suka ɗaga shi, Lissafi yana can ƙasa yana numfashi da ƙyar.

Ta yi magana mai zafi kan ɗabi'ar nan ta ɗaukar ajin At a matsayin juji, inda ake zuba duk wanda bai yi ƙoƙari ba. Ta ce wasu makarantun da kansu suke haka: a jera yara bisa maki, na sama kimiyya, na tsakiya kasuwanci, ragowar At, ba a tambayi kowa ba. Sai ka ga yarinya mai kaifin harshe da iya rubutu, wadda da an bar ta da ta zama lauya ko 'yar jarida, an tura ta tana haddace Kemistiri tana kuka saboda kawai ta zo ta biyu a aji. A nan ina tare da ita ɗari bisa ɗari. A layinmu na Kwari akwai samari da yawa masu takardar kimiyya mai kiredit uku, ba ta kai su likitanci ba, ba ta kuma bar musu ƙofar wani abu ba.

Abu na biyu da na ɗauka, wanda ban taɓa jin wata makaranta ta gaya wa iyaye ba, shi ne zancen canji. Mu muna ɗauka idan yaro ya gwada kimiyya ta gagare shi, ai sai ya koma At a SS2 ko ma SS3. Malama ta ce WAEC na buƙatar makaranta ta tura makin aji na kowane ɗalibi tun daga SS1, darasi-darasi, don haka wanda ya sauya darussa ko makaranta a makare yakan bar giɓi a rajistarsa, ga kuma karatun shekara guda ko biyu da bai yi ba a sabon darasin. Shawararta ita ce zangon farko na SS1 shi ne na gwaji. Idan za a sauya, a sauya kafin shekarar ta ƙare. Kuma ta nuna cewa hanyar ba daidai take ba ta kowane ɓangare: daga kimiyya zuwa At ko kasuwanci ana iya lallaɓawa, amma daga At zuwa kimiyya bayan an wuce Fiziks da Kemistirin SS1, wannan sai dai a maimaita aji.

Daga nan ta kawo dabarar darasi na tara. A WAEC ɗalibi na rubuta darussa takwas ko tara. Bayan na dole da na ɓangarensa, yakan rage gurbi ɗaya ko biyu, kuma yara kan cike su da duk abin da abokansu suka ɗauka. Ta ce wannan gurbin shi ne ƙofar baya. Ɗan kimiyya da ya riƙe Ikonomiks, idan likitanci ko injiniya bai samu ba, yana da hanyar komawa tattalin arziki ko akanta ba tare da sake jarrabawa ba. Mai sha'awar zanen gine-gine ya nemi zanen fasaha ko Jogirafi. Mai son injiniya da gaske, idan makarantar na koyar da babban Lissafi, ya ɗauka ko da ba dole ba ne, don zai tarar da shi a shekarar farko ta jami'a.

Ta taɓo sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, wadda ta rage yawan darussa, ta kuma rage darussan sana'a daga 34 zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Kowane ɗalibi zai ɗauki ɗaya. Ta ce kada mu yarda makaranta ta rubuta sunan sana'a a takarda alhali babu keken ɗinki ko faifan sola ko ɗaya a harabarta. Ta kuma tunatar da mu ƙa'idar shekara 16 kafin shiga jami'a, ga iyayen da ke tsallakar da yara aji don a ce ɗansu ya gama da wuri. Sai zancen NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da shi. Ta ce yau ɗin nan, ba sai SS3 ba, a ɗauko takardar haihuwa da katin NIN da rajistar makaranta a jera su, a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne harafi da harafi. Duk wanda ya san yadda Muhammad ke zama Mohammed a takarda ɗaya, Muhammed a wata, ya san abin da take nufi. Da muka koma gida muka duba, makarantar 'yata ta ƙara mata harafi a sunan mahaifi, muka je aka gyara.

Zaman keɓe aka ba mu a wani yammaci cikin mako, a wani ɗan ofis mai tebur ɗaya. An ce mu zo da takardun sakamako na shekara ukun duka. Malama ta baje su a tebur ta jera bisa zango, ta ɗauki jan biro ta ja layi ƙarƙashin darussa uku kawai: Lissafi, Turanci, da kimiyya. Sannan ta ce mu iyaye mu ɗan yi shiru. Ta juya ga yarinyar ta ce, "'Yata, wane darasi ne idan an ba ki aikin gida kike fara yi, wanne kike bari sai dare ya yi?" Yarinyar ta kalle ni tukuna. Malama ta ce, "Kada ki kalli Abbanki, ni nake tambaya." Sai ta buɗe baki. Ashe haɗa magunguna take so, ba jinya ba kamar yadda mahaifiyarta ke ta faɗa wa 'yan uwa, kuma dalilinta shi ne wata 'yar uwarmu da ke aiki a ɗakin magani na asibiti. Makinta ya goyi bayanta, Lissafi na tsaye, kimiyya na hawa. Aka tsaya a ajin kimiyya, da Ikonomiks a gurbi na tara.

Sai Malama ta ba ni wata takarda mai tambayoyin da zan kai wa makaranta kafin in biya kuɗin zangon farko. Wa ke koyar da Kemistiri, na dindindin ne ko mai yi wa ƙasa hidima da zai tafi bayan shekara? Malamin Fiziks daban ne, ko mutum ɗaya ne ke riƙe da duka? A nuna min ɗakin gwaje-gwaje da idona. Sau nawa ake shiga a zango? Makarantar na da cibiyar WAEC da NECO ta kanta, ko kai yara take wata makaranta? Na je na yi tambayoyin nan a makarantar da yarinyar ta yi shekara uku. Aka buɗe min wani ɗaki, na tarar da kwalabe a kabad an rufe da kwaɗo, ƙura ta lulluɓe teburan, an jingine tsofaffin kujeru a lungu. Shugaban makarantar ya ce ai idan jarrabawa ta matso sukan ɗauko wani ya zo ya nuna wa yara. Na yi masa godiya. Mun sauya mata makaranta. Wannan takardar tambayoyin kaɗai ta fanshi kuɗin da na biya.

To, yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Na farko, gwajin kwamfuta da suke ta tallatawa, wai yana gano baiwar yaro. Wani saurayi ne ke kula da shi, ya zaunar da yarinya gaban kwamfuta ta amsa tambayoyi da Turanci irin na "kina son aiki da mutane ko da na'ura", aka buga mana takarda mai launi da zane-zane. Sakamakon ya ce ta dace da likitanci, koyarwa, aikin banki, aikin jarida da noma. Wato komai. Wasu ayyukan da aka lissafa ma ban taɓa ganin mai yin su a ƙasar nan ba, da alama daga wata ƙasa aka kwaso tambayoyin. Malama da kanta ko kallon takardar ba ta yi ba. Kuɗinsa daban ne, kuma ban ga dalilin biyansa ba.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, duk bayanin an gina shi ne a kan yaron makarantar kuɗi da zai tafi jami'a. A Kano muke fa. Muna da kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi da ba sa ƙirguwa, da na 'yan mata irin ta Garko, kuma bayan aji uku ake shiga su ta hanyar jarrabawar hukumar makarantun kimiyya da fasaha. Sai da wata Hajiya ta tambaya aka ambace su, a gurguje, ba a faɗi yadda ake shiri ba. Makarantun fasaha da jarrabawar NABTEB, wadda ita ma ana shiga manyan makarantu da ita, jimla biyu suka samu. Ɓangaren Larabci da addini kuwa, masu rubuta jarrabawar NBAIS, ko sunansu ba a kira ba, a garin da ke da makarantar nazarin Larabci ta SAS da ɗimbin makarantun haddar Alƙur'ani masu sakandare. Akwai wani malamin Islamiyya a wurin da ya zo takanas don ya ji yadda ɗansa mahaddaci zai haɗa Larabci da abin da zai kai shi karatun shari'a a BUK ko ABU. Aka ce masa za a bincika a kira shi. Wanda ya buɗe cibiyar shawara a Kano bai kamata ya rasa amsar wannan a bakinsa ba.

Na uku, sun kira shirin nasu shirya iyaye don babbar sakandare, amma kusan duka a kan darussa ya ƙare. Yaron da zai tafi makarantar kwana karon farko, da yadda zai zauna da manyan ɗalibai, da zancen waya, da yadda za a haɗa karatun SS1 da Islamiyyar yamma ba tare da an yar da ɗaya ba, duk ba a taɓa su ba sai da lokaci ya ƙure, ana kiran sallar Azahar mutane na miƙewa. Iyaye mata sun so a tsaya a nan, na ga alama, don bayan an tashi sun kewaye Malama a bakin matakala.

Akwai kuma 'yar dabarar kasuwa da na gane, don ni ma ɗan kasuwa ne. Kafin ka fita, saurayin nan zai tare ka da fom ɗin darasin hutu na Fiziks da Kemistiri da cibiyar ke yi, yana nuna maka kamar wanda bai shiga ba an bar shi a baya. Ba laifi ba ne mutum ya tallata hajarsa, amma wurin da ka je neman shawara tsakani da Allah, idan shi ne kuma mai sayar da maganin, sai ka riƙa tauna abin da aka gaya maka. Ban ga Malama ta tura kowa can ba, gaskiya. Takardun da aka raba kuma duk da Turanci suke, alhali bayanin da Hausa aka yi shi, kuma rabin iyayen wurin za su fi amfana da takardar Hausa da za su koma gida su sake karantawa.

Wa ya kamata ya je? Duk wanda wannan ne ɗansa na farko da zai shiga babbar sakandare, ko wanda shi kansa bai bi ta JAMB ba, ko gidan da uba da uwa suka sha bamban kan abin da yaro zai karanta. Wanda yake da malamin sakandare ko ma'aikacin jami'a a gida, mai haƙurin zama da shi, zai iya samun rabin wannan kyauta, don jerin darussan kowane kwas yana cikin kundin JAMB da ke shafinsu na intanet, kowa na iya buɗewa. Sauran rabin, wato wanda zai sa yaronka ya faɗi abin da ba zai faɗa maka ba, shi ne ake biya.

Idan za ku je, ku nemi zaman keɓe da dattijuwar kanta, ku tabbatar ita ce za ta zauna da ku ba wani ba. Ku tafi da sakamakon zango tara, da takardar haihuwa, da katin NIN, da jerin darussan da makarantar da kuke nufi take koyarwa a SS1. Ku je tun hutu bai yi nisa ba, kafin a biya kuɗin makaranta a ɗinka yunifom. Gwajin kwamfutar kuwa ku bar musu kayansu. Mai son kwalejin kimiyya ta gwamnati, ko fasaha, ko ɓangaren Larabci, gara ya nufi ofishin hukumar da abin ya shafa kai tsaye ya tambayi lokacin fom.